Ruwan wankin mota: kurakuran masu son sake amfani da shi

Injin feshin da ake wankin mota da shi kan sha lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya. Kafin yaro ya gama da tayoyi, jarka guda ta bi kwata. Shi ya sa da bazara, in burtsatse ta ja baya, masu tanka suka tsawwala, sai mai wurin wanki ya fara tunanin tara ruwan ya sake aiki da shi. Dabara ce mai kyau, gaggawa ce ke ɓata ta.

Yawanci rami ɗaya ake haƙawa, a jefa tiyo a ciki, a ce an gama. Sai injin ya zuƙo yashi da laka, su cinye robobin famfo, su buɗe bakin bindigar feshi. Kwana kaɗan sai ka ga ruwa na fita ba ƙarfi, ana zagin mai gyara. Ruwan wanki so yake a bar shi ya kwanta. Raba ramin gida uku: a na farko yashi ya nutse, a na biyu mai ya taso, daga na uku kake ja. Bututun da ke haɗa su kuma kada ya tsaya a saman ruwa. Sa masa gwiwa mai kallon ƙasa, ta yadda zai ɗebo daga tsakiya, ƙarƙashin mai, sama da laka. Wannan 'yar gwiwar ita ce rabin aikin, amma ita magina suka fi mantawa. Ka ƙara da abin tace ruwa a gaban injin.

Sai maganar omo, inda na fi shan musu da mutane. Mai yana tasowa ne don ya fi ruwa sauƙi. Da zarar an zabga omo, sai ya farfasa man ya gauraye da ruwa, ya koma kamar koko, ya wuce duk gidajen ramin abinsa. Rage sabulu, ka auna da gwangwani maimakon hannun yaro. Wankin inji da ƙasan mota kuwa, inda baƙin mai da giris suke, ware masa gefe da raminsa daban. Wannan ruwan ba na maimaitawa ba ne.

Kar ka ɗauraye mota da ruwan rami. Ko ya yi garau a ido, yana ɗauke da gishiri da sauran sabulu, rana na bugunsa zai bar fararen ɗigo a gilashi, musamman a baƙar mota. Tsohon ruwa na jiƙo ne da kore taɓon taya. Ɗauraya sai sabo.

Wari ma na korar kwastoma. Ruwan da ya kwana biyu a rufe ba iska yakan yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga sauro. Ɗan ƙaramin famfo da zai riƙa juya shi yana zubo shi daga sama ya wadatar, kuma a kwashe laka kafin ta kai rabin gidan farko. Murfi mai ƙarfi dole ne, saboda yaran unguwa.

Lakar nan fa, ina take zuwa? Galibi lambatu ake juye ta da daddare. A Kano, kwatocin cikin gari da yawa rafin Jakara suke faɗawa, da ruwan Jakara kuma manoman rani ke ban ruwan latas da alayyahu har zuwa dam ɗin Wasai. Shanya ta a kan daɓe ta bushe, ka zuba a buhu a kai juji. Man da ka yaɗe kuma tara shi a durom, masu sayen baƙin mai za su zo har gida su ɗauka.