Darasi na Tara: Zaɓen Kayan Sauti Masu Sauƙin Kuɗi Don Ƙaramin Ɗaki

Akwatin talabijin na zamani, irin shafaffen nan da ake maƙalawa a bango, yana da hoto tangaran, amma sautinsa bai cika gamsarwa ba, domin jikinsa ba shi da kaurin da zai ɗauki babbar lasifika, kuma a yawancinsu lasifikar ƙasa take kallo ko bango, ba wajen mai kallo ba. Wannan ne ya sa magidanta da yawa suke haɗa masa kayan sauti na daban. Abin da wannan darasi zai koyar shi ne yadda mai ƙaramin ɗaki da ƙaramin aljihu zai zaɓi abin da ya dace da shi, ba tare da girman kwali ko daɗin bakin mai shago sun ruɗe shi ba.

Kafin a nufi kasuwa, sai a fara duban ɗakin. Ɗakunan da aka fi ginawa a garuruwanmu ba su cika wuce ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi ba, kuma idan aka saka gado ko kujeru, tazarar da ke tsakanin mai kallo da talabijin ba za ta wuce taku uku ko huɗu ba. A irin wannan tazara ba a buƙatar ƙara mai girgiza kwanon rufi. Abin da ake buƙata shi ne murya ta fita sarai, a ji kowace kalma ta mai karanta labarai ko malamin da ke wa'azi ko da an rage sautin.

A jikin kwali za ka ga lambobi kamar 2.1 ko 5.1. Lambar farko tana nuna yawan ƙananan lasifikoki, ta biyu kuma tana nufin babban akwatin nan mai fitar da amo mai kauri, wanda 'yan kasuwa ke kira wufa. Saboda haka 2.1 lasifika biyu ce, ta dama da ta hagu, da wufa ɗaya, 5.1 kuwa biyar ce, uku a gaba, biyu a bayan mai kallo, da wufa ɗaya. Akwai kuma doguwar lasifika mai siffar sanda da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci tare da wufarta. Mai ƙaramin ɗaki ya fi dacewa da 2.1 ko mai siffar sanda. Dalili kuwa shi ne lasifikokin baya na 5.1 suna son fili a bayan kujera, alhali kujerunmu jingine suke da bango, ga kuma wayoyi da za su ratsa ɗaki yara su yi ta tuntuɓe da su. Bayan haka, shirye-shirye da yawa da bidiyon da ake turawa ta waya da hanya biyu kawai aka naɗe su, dama da hagu, don haka sauran lasifikokin sai dai su maimaita abin da na gaba suka faɗa ko su yi shiru. Kuɗin da za a raba wa akwatuna shida marasa inganci ya fi amfani idan aka zuba shi a kan uku masu kyau.

Wurin da aka fi ruɗar masu saye shi ne batun ƙarfin sauti, wanda ake aunawa da wat. Za ka ga kwali an rubuta masa 3000 ko 5000 da manyan haruffa, kusa da lambar kuma akwai PMPO. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da kamfanoni suka yarda da ita, kowa yadda ya ga dama yake lissafa shi, saboda haka ba abin dogaro ba ne. Wanda ya kamata ka nema shi ne mai haruffa RMS, wanda yawanci ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a bayan na'urar ko a cikin takardar bayani, domin shi ne ke nuna ƙarfin da na'urar za ta iya ci gaba da bayarwa ba tare da ta shaƙe ba. Wat 30 zuwa 60 na RMS ya wadatar da ɗakin da muka ambata, har da rara. Yana da kyau kuma a sani cewa ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙarar da kunne ke ji sau biyu. Sai an ninka shi kusan sau goma kafin mai sauraro ya ce ƙarar ta ninku. Ke nan bambancin da ke tsakanin wat 40 da wat 60 bai kai a ci bashi saboda shi ba.

Sai kuma ramukan da ake soka waya. Ka juya bayan talabijinka ka kwafi abin da aka rubuta a gefen kowane rami a takarda, ka tafi da ita kasuwa. Idan akwai mai rubutun HDMI ARC, to shi ne mafi sauƙi, domin waya ɗaya ta isa, kuma yawanci rimot ɗin talabijin zai iya ƙara sauti da rage shi. Idan babu, akwai ramukan nan ja da fari, ko ƙaramin rami irin na abin sauraro na kunne. Bluetooth yana da daɗi wajen sauraro daga wayar hannu, amma a kallon fim wani lokaci murya takan makara, sai ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Wutar lantarki ma abin lura ce. Ta Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 zuwa 240 ne, amma kayan da aka riga aka yi amfani da su a Amurka aka shigo da su an ƙera yawancinsu don 110 zuwa 120, kuma idan aka soka su kai tsaye ƙonewa za su yi. Ka karanta lambar da ke kusa da wayar wuta kafin ka biya. Inda wuta ke hawa da sauka ko ake yawan tada janareta, a ware kuɗin sitabilaiza tun cikin kasafin farko.

A shago kada ka yarda da waƙar da mai kaya ya saka maka, domin ya san wadda ke ɓoye aibin kayansa. Ka tafi da muryar da ka saba ji a wayarka, ka ce masa cikin ladabi, "Alhaji, a taimaka a saka mini wannan in ji." Ka saurara da ƙaramin sauti, sannan a ɗaga shi ya wuce rabi, idan murya ta fara karkarwa ko akwatin ya kama kaɗawa, a bar shi. Ka ɗaga wufar da hannu, domin ta katako mai nauyi ta fi ta roba maras nauyi riƙe amo. Ka kuma tuna cewa hayaniyar kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano tana haɗiye sauti, abin da ka ji kamar bai isa ba a can zai cika ɗakinka. A karɓi rasit, a rubuta wa'adin garanti a jikinsa, a kuma yi magana a fili kan mayar da kaya idan suka ƙi aiki.

Da an iso gida, a ajiye lasifikar dama da ta hagu daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, tazararsu da talabijin iri ɗaya, fuskarsu na kallon wurin zama. Wufa a ƙasa take zama, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da bango. Idan aka cusa ta a kusurwa rugugi yakan yi yawa ya danne magana, kuma shi ne ke ratsa bango ya dami maƙwabta a gidan haya. Ɗakin da ke da tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da amsa kuwwa, kafet da labule masu kauri kuwa suna rage ta. Kada a rufe ramukan shan iska na wufar da ƙyallen ado yayin da take aiki, domin a cikinta na'urar ƙara sauti take kuma tana ɗaukar zafi. A bari sai an kashe ta ta huce, sannan a lulluɓe ta saboda ƙurar hunturu.