Yadda ake rufe busasshen abinci a leda ba iska ya kai damina lafiya

Injin zuƙe iska ya fara shiga gidaje a Maraɗi, wasu an kawo musu daga Kano, wasu tsarabar ƴan uwa ce. Abin da nake yawan gani kuwa, uwargida za ta ɗure kuɓewa da kauɗar tumatir da zogale, leda ta lafe tsaf sai ka ce kayan kanti, bayan wata biyu ta tarar ledar ta kumbura, abin ciki ya yi tsami ko funfuna. Sai a ɗora wa injin laifi, alhali ya yi aikinsa. Iska kaɗai yake cirewa. Ruwan da ke cikin abinci yana nan, kuma yanzu an toshe masa hanyar fita.

Saboda haka aikin daga shanya yake farawa. Ki yi ajiyarki da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iska ta bushe ƙayau kuma kayan gona suka yi araha. Wadda ta bari sai hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni ta makara, domin busasshen abu jan laima yake daga iska ko da yana cikin ɗaki. Kuma kada ki yarda da bushewar kasuwa. Mai sayarwa ba zai ce kayansa da saura ba, nauyi ma riba ne gare shi. Ko tiya ɗaya kika auno, ki sake bazawa a kan tabarma ko faranti, ba a ƙasa ba. Kuɓewa da tumatir da tattasai su sha rana. Ganye irin zogalen da ake kawowa daga Jiratawa, da kuka da rama, a inuwa mai iska ake shanya su, rana na cinye korensu.

Gwaji kuma da hannu da haƙori ake yi. Kuɓewa ta karye ƙas idan kin lanƙwasa ta. In ta lanƙwasu kamar fata, da saura. Ganye ya marmashe tsakanin yatsu. Wake da masara ki ciza, su fashe da ƙara, kada haƙori ya nutse. In kina shakka a kan hatsi, ga gwajin gishiri: samu busasshiyar kwalba, zuba hatsin ya kai kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na gishirin da kika busar sosai, rufe ki girgiza, bar shi minti 15 ki sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, laimar hatsin ta haura kusan kashi 15 cikin 100, a koma shanya. Ana so ta sauko wajen 12 zuwa 13 kafin a rufe.

Ga inda mafi yawa ke faɗuwa, kuma ba su sani ba. An kwaso kaya daga rana da azahar, suna da zafi, sai a ɗure nan take don a gama aiki. Da dare ya yi sanyi, zafin nan zai koma gumi a cikin ledar. Ki duba da safe, za ki ga ɗan hazo a jikin ledar ta ciki, wani lokaci har da ɗigo ƙanana a kusurwa. Wannan ɗan gumin ya isa ya ɓata komai. Ki shigar da kayan inuwa su huce sarai, ki sa bayan hannu ki ji babu ɗumi, sannan ki rufe. Ni da safe nake rufe abin da na kwashe jiya da yamma, kuma haka nake cewa kowa ya yi.

Sai leda. Ƙananan injinan gida ba sa aiki da leda mai santsi, irin ta ƙulla ƙanƙara. Suna buƙatar mai kaushi a gefe guda, domin ta cikin ƴan layukan nan iska ke bi ta fita. Tana da tsada, ba kuma kullum ake samunta ba, shi ya sa na fi son ta naɗi wadda za ki yanka daidai buƙata. Ki yanka da ɗan tsawo, in kin buɗe kika cinye, a wanke a busar a sake amfani da ita, muddin ba nama ko mai ta ɗauka ba. Ki ƙulla kaɗan-kaɗan, abin da zai yi miyar mako ɗaya ko biyu. Babbar leda guda da za a riƙa buɗewa kullum ɓarnar kuɗi ce.

Wajen rufewa, bar tazarar yatsu huɗu a baki, ki goge bakin tas. Ƙwayar yaji ɗaya ko ɗan maiƙo a kan layin liƙi ya isa ya bar kafa. Garin kuka da yaji sai an fara sa su a ƙaramar leda ko takarda, in ba haka ba injin zai zuƙe garin ya toshe. Abu mai tsini, kamar gefen kilishi da busasshen kifi, a naɗe shi da takarda mai tsabta don kada ya huda. Ki liƙe sau biyu, layi bisa layi. Ki bar ledojin su kwana a fili, wadda ta saki da safe tana da huji, a sauya ta.

Akwai abin da ba a wasa da shi. Ɗanyen nama, dafaffen abinci, ɗanyar tafarnuwa, naman da bai gama bushewa ba, duk wanda aka zuƙe wa iska firiza ce wurinsa. Ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim, wata gubar abinci mai iya kisa, inda babu iska take yaɗuwa, kuma ba lallai abincin ya yi wari ba. Da yadda wuta ke zuwa tana tafiya, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ni ban ba kowa shawarar ajiye naman layya ɗanye ta wannan hanya ba. A soya shi ya bushe, ko a yi kilishi. Shi ma kilishin da gyaɗa, mai gare su, rufewa na jinkirta ɓacinsu ne kawai, ki fara cinye su. Gyaɗar da ta riga ta yi funfuna kuwa a tsince a zubar, leda ba ta cire guba.

Wake mai yawa ba aikin injin ba ne. Nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aiki a kansa tare da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa. In an ɗaure buhun, ƙwaron da kansa zai shaƙe iskar da ta rage ya mutu, babu buƙatar jefa maganin ƙwari cikin abin da yara za su ci. Hura kowace leda ki danna ki ga ba ta da huji, cika, matse iska, murɗe baki ki lanƙwasa ki ɗaure, kowace da igiyarta. Jarka mai murfin kirki ma tana yi in an cika ta har wuya.

Rubuta wata da shekara a jikin kowace leda. Ɓera na huda leda cikin dare ɗaya, don haka ƙananan a zuba su cikin bokiti mai murfi ko tukunyar ƙarfe, a ɗakin da ya fi sanyi da duhu. Buhuna a ɗora bisa katako, nesa da bango, kuma kada a kwance su sai ranar da za a ɗiba.