Duba ƙafafun tirelar kwana kafin a kama hanya

Tirelar kwana, ɗakin nan mai taya da Amurkawa ke ja da mota su tafi hutu, zaman ajiya ya fi cin ta fiye da tafiya. Dogon zama a rana kan sa taya ta tsattsage.

Da farko ka tokare tayoyin da katako. Ka auna iska da sassafe, kafin taya ta ɗau zafi, ka cika ta daidai da adadin da ke rubuce a takardar da aka manna a gefen hagu na tirelar. Kada ka manta da safaya.

Sai ka duƙa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a jikin taya. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara 6 ni canza ta nake yi, ko da zanenta bai cinye ba, don roba tsufa take daga ciki.

Yanzu boris, ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansa, wanda shi na fi jin tsoro. Ka ɗaga tirelar da jak, ka juya tayar da hannu, ka kasa kunne. Gurnani ko gwaf-gwaf in ka girgiza ta alama ce ta matsala. A wanke boris ɗin da kyau, a cusa sabon giris duk wata 12 ko mil 12,000.

Ka ɗaure notunan taya, ka gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin mahaɗin tirela da mota, wani ya taka birki kana duba fitilun baya. Bayan kilomita 80 ka tsaya, ka sake ɗaure notunan, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, kada ka ci gaba.