Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kati a wasan Warhammer Underworlds

Kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ne ya fito da wannan wasa a 2017 da akwatin Shadespire. Kowane ɗan wasa yana da 'yan mayaƙansa na roba da ƙunshin kati biyu. Bayanin nan ya shafi tsohon bugu ne, domin sabon bugu mai suna Embergard na 2024 ya canja dokoki da yawa, don haka ka fara daidaitawa da abokin karawarka kan bugun da za ku bi.

Tun wajen ƙirga kati ake fara tuntuɓe. Katunan manufa, masu kawo maki, 12 ne. Katunan ƙarfi ba sa gaza 20, kuma na dabara, wato Gambit, ba sa wuce rabinsu. Sauran na ƙara wa mayaƙi kaya ne. Ba a saka kati biyu masu suna ɗaya, kati mai tambarin wata runduna kuwa nata ne ita kaɗai. Sabon shiga yakan ga an ce "aƙalla 20" sai ya cusa 26 don yana ƙyashin ajiye wasu. Yi lissafi: biyar kake ɗauka da farko, ka cike hannu zuwa biyar bayan zagaye na ɗaya, haka bayan na biyu. Ko ka kashe duk abin da ke hannunka, 15 ke nan. Duk katin da ka ƙara yana nisanta ka da wanda kake jira. Tsaya a 20.

Katunan manufa sun fi wuyar sha'ani. Uku ake riƙewa, zagaye uku ake yi, ke nan tara za ka gani idan ba ka ci komai a tsakiyar zagaye ba. Amfanin katunan Surge ke nan: ana cin su nan take, a ɗauko wani a madadinsu. Tun akwatin Beastgrave na 2019 aka ƙayyade su kada su wuce shida, kuma gara ka cike shidan. Amma a kula, sabon katin da ka ɗauko ba ya ciwuwa da aikin da ya ci na farko, sai an yi wani. Katunan manufa da ba sa ciwuwa sai ƙarshen zagaye na uku kuwa, ɗaya ya isa, biyu ne iyaka a ganinmu. Idan suka zo hannun farko sun tsare gurbi ba su tsinana komai ba, musanya kati kuma yana cinye maka motsi guda cikin 12 kacal da kake da su a wasan gaba ɗaya.

Akwai masu rowar maki, suna tsoron sayen kayan mayaƙi, da ake biya da maki, wai kada makinsu ya ragu. Ba ya raguwa. Kife alamar Glory, wato alamar maki, kawai ake yi don a san an kashe ta, a ƙarshe da ita za a ƙirga. Abin dubawa shi ne katin da aka rubuta wa sunan mayaƙi ɗaya: idan ya faɗi da wuri, katin ya zama nauyi a hannu. Haka katin tsafi yake idan mai tsafin rundunar ya faɗi.

A kan allo, gaggawar kai farmaki ce ke kashe mutane. Mayaƙin da ya yi Charge, wato ya matsa ya kai sara a motsi guda, an ɗora masa alama, galibi ya gama aiki a wannan zagaye, yana tsaye a gaban abokan gaba. Fara motsa ƙananan su tsaya jikin wanda za a sara, domin goyon bayansu yana ƙara fuskokin ɗan ludo da ke ci, sannan babban ya shiga. Idan kuma aka yi kunnen doki a jifan ɗan ludo tsakanin mai sara da mai kare kai alhali mai sara ya sami ci ko ɗaya, ba rauni, amma yana iya tura wancan baya gida guda, wanda sau da yawa ya isa ya sauke shi daga gidan da yake tsarewa don maki.