Yadda ake gasa kek ɗin lemon zaƙi a gwangwanin Bundt

Gwangwanin Bundt shi ne zagayayyen nan mai bututu a tsakiya da zane a jiki. Kamfanin Nordic Ware na jihar Minnesota a Amurka ne ya fara ƙera shi a 1950, bisa siffar abin da Jamusawa ke gasa kek ɗinsu na Gugelhupf a ciki. Ta bututun ne zafi ke ratsa tsakiyar kwaɓi, shi ya sa kek mai nauyin bota da ƙwai ke gasuwa har ciki gefe bai ƙone ba. Sai dai zanen da ke ƙawata kek ɗin shi ne kuma ke riƙe shi ya ƙi fita, don haka rabin aikin yana wajen shafa gwangwani.

Awon nan na gwangwani ne mai cin lita 2.5 zuwa 3:

- fulawa giram 375, wato kofi 3
- bota giram 225
- sukari giram 350
- manyan ƙwai 4
- lemon zaƙi 5
- kindirmo ko yogot marar sukari mililita 120
- bekin fauda ƙaramin cokali 2, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali

A fara da lemon. Ƙamshinsa yana cikin man da ke fatar ɓawo, ruwan kuwa zaƙi da ɗan tsami kawai yake kawowa, kuma gashi na rage masa ƙarfi. Saboda haka kada a sayi wanda mai lemo ya riga ya feraye. A wanke guda uku sosai, a goge su, a kankare saman ɓawon da ƙananan haƙoran magogi, a tsaya da zarar fari ya bayyana, domin farin nan ɗaci ne da shi. Lemonmu mai koren baya ya wadatar: rashin sanyin dare ne ke hana shi rikiɗa, ko da ya nuna sarai. A zuba kankararren ɓawon cikin sukari a murza da yatsu na minti ɗaya ko biyu, har sukarin ya ɗan jiƙe. Tsallake wannan murzar asara ce. Ruwan kuma sai za a yi aiki da shi a matse, domin idan ya jima a ajiye yakan soma ɗaci. Mililita 120 ne na kwaɓi, sauran a adana.

A kunna obin ya kai digiri 170 a ma'aunin Celsius tun kafin a fara kwaɓi. Bota ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta, amma kada ta narke. Da hunturu a fito da ita daga firij awa biyu kafin aiki, da bazara kuwa minti 20 ma ya isa. Mai amfani da majarin ya nemi mai tauri, ya kuma rage gishiri idan akwai shi a ciki. A buga bota da sukarin na minti 4 zuwa 5 da na'ura, ko kusan minti 10 da muciya, har ta yi fari ta tashi. Iskar da ta shiga a wannan bugun ita ce farkon tashin kek.

A fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ɓace kafin a saka na gaba. Idan kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, ƙwan ya yi sanyi ne ko an yi gaggawa. Cokali biyu na fulawa zai haɗe shi. A tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri wuri guda, a gauraya kindirmo da ruwan lemo a kofi. A zuba fulawar kashi uku, ruwan kashi biyu a tsakani, a fara da fulawa a ƙare da ita. Daga nan juyawa ake yi a hankali, kuma da farin gari ya ɓace a dakata. Yawan juyi bayan fulawa ta jiƙe shi ke sa kek ya yi danƙo, ya fito da dogayen ramuka a ciki. Sodar kuma kada ta wuce awo: aikinta kashe tsamin lemo da kindirmo, abin da ya yi saura ɗanɗanon sabulu zai bari.

Sai gwangwani. A haɗa babban cokali ɗaya na man gyaɗa, ɗaya na majarin, ɗaya na fulawa, a dama su yi sumul, a bi kowane lungu da buroshi ko tsumma mai tsabta, musamman jikin bututun, inda aka fi mantawa kuma inda kek ya fi yagewa. A yi shafar daf da zuba kwaɓi, domin idan aka yi ta da wuri man zai gangara ya taru a ƙasa, sama ta bushe. A zuba kwaɓin kada ya haura kashi uku cikin huɗu na zurfin gwangwani, a buga gindinsa a kan tebur sau uku ko huɗu don kumfar iska ta fito, in ba haka ba zanen zai fito da huji-huji.

A gasa a tsakiyar obin minti 50 zuwa 60, kuma kada a buɗe kafin minti 40, don kada ya faɗa. Baƙin gwangwani ya fi jan zafi, a rage masa digiri 10. A soka dogon tsinken tsire tsakanin bututu da gefe. Idan ya fito da ɗan ɓurɓushi busasshe, ya yi. Saman da ya tsage ba matsala ba ne, shi zai koma ƙasa.

A bar shi ya huta minti 10 zuwa 15 kawai. Kafin haka bai yi ƙwarin da zai jure kifewa ba, bayan haka kuma sukarin gefensa ya sandare ya manne da ƙarfe. A ɗora ragar shanya kek ko faranti a bakin gwangwani, a kife lokaci guda. Idan ya ƙi sauka, a lulluɓa tawul da aka jiƙa da ruwan zafi a bayan gwangwanin na minti 5, a sake gwadawa.

Tun yana gashi a tafasa ruwan lemo mililita 80 da sukari giram 60 na minti 3. Da kek ya fito daga gwangwani, a sossoke shi da tsinke a shafa masa wannan ruwan da ɗuminsa, kaɗan-kaɗan, yana shanyewa ana ƙarawa. Wannan ne ke hana shi bushewa washegari.

Farin sukarin da ake kwarara masa a ka yana jiran kek ya huce sarai, kusan awa biyu, domin a kan ɗumi narkewa yake yi ya ɓace. A tankaɗe aisin suga, wato sukari mai laushi kamar gari, giram 180, a zuba ruwan lemo babban cokali biyu, a juya, a riƙa ƙara rabin ƙaramin cokali har ya riƙa sauka daga cokali a hankali kamar zuma. In ya tsinke a ƙara sukari. A kwarara a ƙololuwar zoben a bar shi ya gangaro da kansa, a jira minti 30 ya kama kafin a yanka. A rufe a mazubi yana kwana uku a ɗaki, amma da damina laima na jiƙa sukarin, gara a kwarara shi ranar da za a ci.