Ku sa zangon aiki ya ƙare gab da ranar kasuwa

Salamu alaikum, 'yan uwa masu jagorantar aikin manhaja.

Shawarata: ku daidaita ƙarshen kowane zangon aiki da ranar kasuwa.

Manhajar rubuta cinikin dabbobi muke haɗa wa dillalai. Ni ke zaɓar abin da za a fara, matasa biyu ke rubutawa. A da sai in zuba musu buƙatu ta WhatsApp, su ɓace wata biyu, su dawo da abin da dillali ba ya ganewa. Kuɗin data ya tafi a banza.

Yanzu zangonmu mako biyu ne, irin na masu Scrum, wato tsarin raba aikin manhaja zuwa gajerun zanguna. Mu rufe Laraba, Alhamis mu nufi kasuwar Maigatari da ɗaya daga cikin matasan. Mu miƙa wa dillali waya, mu kama bakinmu.

Kada ku yi masa bayani. Ku bar mai rubuta manhajar ya gani da idonsa. Namu ya ga wani Alhaji dillali yana kanne ido cikin rana, rubutu ya yi ƙanƙanta, hannu ɗaya riƙe da igiya. Sau uku na faɗa masa hakan a da, bai ji ba. Ranar, kafin mu iso gida ya san gyaran da zai yi.

Abin da dillalai suka nema, ku rubuta don zango na gaba. Kada ku cusa shi tsakiyar aiki.

Inda shawarar nan ba ta ci: aikin da ido ba ya gani, kamar tsaron bayanai. Kuma kada ku tare dillali ciniki na tsaka, ba zai saurare ku ba. Ku jira bayan la'asar.