Yadda za ka tashi da ƙaramin jirgi ba tare da ya ƙwace maka ba

Ɗalibai masu koyon tuƙin jirgi, irin na kwalejin Zariya, ku matso. Ƙaramin jirgi kamar Cessna 172 kana ba shi totur zai fara jan hagu saboda juyin farfela, to ka danne fedar dama tun daga farko, idonka can ƙarshen titin jirgi, kar ka bari ya bar layin tsakiya.

Kafin nan dai auna kaya da mai da mutane. Zafin rana na sa iska ta yi sakayau, injin ya rage ƙarfi, fiffike ma haka, a wuri mai tudu irin Jos abin ya fi muni, sai ka ga titi na ƙarewa jirgi bai ɗaga ba. Idan ka kai rabin titi gudunka bai kai kashi 70 na gudun tashi ba, rufe totur ka taka birki kawai, ba abin kunya ba ne.

A Cessna 172 idan gudu ya kai wajen not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) ake ɗaga hanci, a hankali fa, ba fizga ba, wanda ya fizga fiffike ya daina ɗaukarsa, jirgi ya kife ta gefe ɗaya, kuma ƙasa na kusa. Iska ta gefe kuwa, karkata sitiyari wajenta.

In inji ya mutu kana tashi, tura hanci ƙasa nan take, nemi fili a gabanka ka sauka. Juyawa zuwa titi ya kashe matuƙa da yawa wallahi.